Lamba Uku da Cinyar Kaza

A ƙasar nan samun sarautar injiniya ba ya buƙatar zuwa jami'a. Ka gyara wa maƙwabci rimot, ko da batir kawai ka juya, gobe da safe 'ya'yansa za su durƙusa su ce, "Injiniya, ina kwana?" Ni tawa sarautar ta ɗan fi wannan asali, domin na taɓa sa wani ɗan allon lantarki ya riƙa kunna ƙwan fitila yana kashewa da kansa a gaban Umma, ita kuwa ta baza a dangi cewa ɗanta yana yi wa kwamfuta magana tana bi. Tun daga ranar, wanda wayarsa ta cika da hotuna, da wanda firinta ta yi wa gardama, da wanda ya manta lambar sirrinsa, duk ƙofarmu suke bugawa.

Labarin bai tsaya ba sai a kunnen Kawu, ƙanen Umma, wanda yake sana'ar ɗaukar bidiyon biki tun zamanin kaset, lokacin da amarya kan yi makonni tana jira kafin ta ga kanta a talabijin. Yanzu kuwa ana biki a Kano, dangi suna kallo a Jidda da Landan da Yamai a daidai lokacin da ake yi, ta Facebook ko YouTube. Don kada zamani ya bar shi a tasha, Kawu ya sayi ƙaramar miksar hoto, ATEM Mini, wadda kamfanin Blackmagic na Ostiraliya ya fitar a 2019, mai ƙofar kyamara huɗu. Mai miksa yana zaune a gefe da layi biyu a gabansa. Hoton da duniya take kallo yana kan furogiram, layin fita. Wanda zai biyo baya yana kan firibiyu, layin jira. In ya danna maɓalli sai su yi musanya.

Shi mai miksa ya san wace kyamara ce a waje. Mai riƙe da kyamarar, can tsakiyar zaure, ba shi da hanyar sani sai an faɗa masa. Shi ya sa a manyan gidajen talabijin kowace kyamara take da 'yar fitila a ka, wadda 'yan sana'a suke kira tali. In ta yi ja, kada ka motsa, da idonka duniya take gani. In ta yi kore, ka shirya, kai ne na gaba. In ta mutu, ka huta, ka gyara fokas, ka sosa inda yake maka ƙaiƙayi. Miksar Kawu tana iya kunna wannan fitila a kan kyamarorin kamfaninta ta wayar HDMI, amma kyamarorin Kawu 'yan uba ne, kowace da gidan da ta fito, ba mai jin yaren wata. Saboda haka da hannu yake ba da umarni: ya ɗaga yatsa biyu, ya kaɗa hula, wani lokaci ya jefi mutum da murfin ruwan roba. A zauren da DJ ya ƙure sauti, mata kuma suka tashi liƙi, wannan dabara ba ta wuce mita uku.

Ya tambayi kuɗin tali marar waya na kanti, aka faɗa masa da dala, ya ce Allah ya sa albarka. Da yamma sai ga shi a gidanmu.

"Injiniya, wannan fitilar ba za ka iya haɗa mana ita ba?"

Kafin ya rufe baki na ce, "Kawu, ai wannan aikin shan shayi ne." Umma tana daga ɗaki ta ce, "Na faɗa maka."

Na yi odar ƙananan alluna na ESP32 daga Legas, irin waɗanda kamfanin Espressif na Shanghai yake yi tun 2016, masu kama Wi-Fi da kansu. Waya da dalma da ƙananan ƙwayayen fitila masu launi uku a ciki ɗaya na samo su a Sabon Gari. Gidan da za a sa su kuwa, robobin man shafawar Umma ne na wanke, domin farare ne, haske yana ratsa su ya bazu. Har yau duk wanda ya matso kusa da kyamarorin Kawu yana jin ƙamshi, yana zaton tsafta ce.

Sauran aiki na kod ne. Miksar tana magana ta hanyar sadarwa, kuma tuni wani ɗan ƙasar Denmak, Kasper Skårhøj, ya bi diddigin yarenta ya rubuta kod na Arduino, irin wanda ƙananan alluna suke aiki da shi, ya bar wa jama'a. Duk lokacin da aka danna maɓalli, miksa tana aiko da lamba guda a kan kowace kyamara. Na zauna ina dannawa ina duba abin da yake fitowa. Na sa kyamara a layin fita, na ga 1. Na mai da ita layin jira, na ga 2. Na cire ta gaba ɗaya, na ga 0. Dama na taɓa ganin yadda manhajar vMix take aiko da nata saƙon, jerin lambobi, ɗaya ga kowace kyamara, kuma 0 da 1 da 2 ne kawai a tsarinta. Sai zuciyata ta ce ai duk kanwar ja ce. Na rubuta umarni uku: idan lamba daidai take da 1, kunna ja, idan daidai take da 2, kunna kore, duk wani abin da ya zo bayan waɗannan, kashe fitila. Wannan layi na ƙarshe har daɗi ya yi mini, don na ji kamar na toshe duk wata ƙofa.

A gwaji komai ya tafi daidai, in ban da wani ɗan abu. Duk lokacin da Kawu ya narkar da hoto cikin hoto maimakon ya yanke, fitilar kyamarar da take shigowa takan ɗan mutu kafin ta yi ja. Kawu ya ce, "Me ya sa take ƙiftawa?" Na ɗaga robar, na girgiza ta, na busa mata iska, na ce waya ce ba ta zauna ba. Na ƙara dalma a inda ba ya ciwo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ranar ni a wuyana abin wuya na ɗauke shi.

Bikin da aka fara gwada ta na manya ne, auren zumunci, dina a babban zaure, da majigi a bango don na baya su ga abin da ake yi a gaba. Na sa sabuwar shadda ruwan toka. Mai kyamara ta biyu dattijo ne, tsohon hannu da ya yi aikin fim tun kafin a haife ni, kowa Malam yake ce masa. Ya dubi robar man shafawar da na ɗaura masa a kan kyamara, ya dube ni, ya ce, "Ƙanena, in ta yi ja in tsaya, in ta mutu in huta. Haka ne?" Na ce, "Malam, ka yarda da ita fiye da yadda ka yarda da ni." Ya ce to.

Awa guda fitilun suna aiki kamar an yi musu wahayi. Ja, kore, ja, kore. Kawu bai ɗaga hula ba ko sau ɗaya. Har wani mai hoto ya zo ya tambaye ni daga Dubai aka kawo su, na ce masa a'a, ƙirar gida ce, amma ba kowa ake yi wa ba.

Ana tsakiyar jawabai babban abokin ango ya leƙo ya yafito Kawu, za a ba shi cikon kuɗinsa. Duk mai aikin biki ya san wanda bai karɓi cikonsa kafin a watse ba, sai ya ƙarar da takalmi a bin sawu. Kawu ya bar kyamara ta biyu a layin fita, tana ɗauke da dandamali gaba ɗaya. Sannan ya yi wata dabara irin ta tsofaffin 'yan sana'a: ya sa ita dai kyamarar a layin jira ma, yadda ko wani yaro ya zo ya danna maɓallin musanya, hoto ba zai canza ba. Ya ce, "Injiniya, sa ido," ya fita.

A daidai lokacin ne masu rabon abinci suka iso layinmu. Rabona da abinci tun karin safe. Na dubi miksa, na ga ba abin da yake motsi. Na dubi faranti, na ga shinkafa da cinyar kaza biyu. Na ce a raina ido ai biyu ne, ɗaya ya isa miksa. Amma saboda mutuncin shadda, na ja kujera na koma can ƙarshen zaure, gefen wani ginshiƙi, inda nake ganin ba mai ganina.

Abin da ban sani ba, tun lokacin da Kawu ya danna maɓallin nan fitilar Malam ta mutu murus. Malam kuwa mutum ne mai cika alkawari. Ya ga ta mutu, ya ce lokacin gyaran fokas ya yi. Yadda ake yi a sana'ar shi ne ka jawo hoto har ƙarshe a kan wani abu mai nisa, ka daidaita shi ya fito tas, sannan ka koma baya. Malam ya juya kyamara yana neman abu mai nisa, mai haske a kansa, wanda ba ya yawo. A duk zauren nan, Allah bai nufe shi da kowa ba sai ni.

Kazar nan ta gida ce, ba ta gidan gona ba, kuma ga alama ta ga jikokinta kafin a yanka ta. Na kama da haƙori na ja, ta ja. Na sa hannu biyu. Na karkata kai, na rufe ido ɗaya, mai yana gangarowa ta gwiwar hannu yana shiga hannun shadda. Sautin da yake fita duniya kuwa na mai gabatarwa ne, wanda a lokacin yake zuba wa ango kirari: yaro mai kunya, mai kawaici, wanda abin duniya bai rufe wa ido ba, wanda ko a gidansu ba a taɓa ganin cin abincinsa ba. Majigin yana bayan Malam, ni kuma ginshiƙi ya tare mini shi. Na ji zaure ya ɗauki dariya, na ce lallai wannan mai gabatarwa ya iya aikinsa, na taya su da baki cike. Dariyar ta ƙaru. Da na ga cinya ta farko ta ba ni wuya haka, sai na waiga dama, na waiga hagu, na zaro leda daga aljihu, na naɗe ta biyun, na ce wannan ta Umma ce, na tura ta cikin aljihun gaba. A nan ne na ji wata mata ta yi guɗa.

Wayata ta yi motsi. 'Yar ƙanwar Umma ce daga Jidda. Saƙon gajere ne: "Yaya, ka goge bakinka."

Ban san lokacin da na iso gaban miksa ba. Na danna duk abin da hannuna ya kai, da mai da komai, hoto ya koma kan amarya, wadda ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Kawu ya shigo da gudu, kuɗi a hannu ɗaya, hula a ɗaya. Malam ya ɗago daga kyamara ya nuna mini robarsa da yatsa: a mace take, kamar yadda aka yi alkawari.

A mota ba wanda ya yi magana har muka wuce gadar Ƙofar Nasarawa. Sannan Kawu ya ce, "Ita fitilar taka, me ta sha?"

Na ce, "Kawu, ina jin netwok ne. Ka san wayoyi sun yi yawa a zauren."

Ya ce, "Har ledar ma netwok ce?"

A daren ban kwanta ba. Na kunna miksa, na sa allon ya riƙa rubuto mini duk lambar da ta zo, na yi abin da Kawu ya yi: kyamara ɗaya a layi biyu. Sai ga baƙuwa a kan allo, 3. Na narkar da hoto cikin hoto, ta sake leƙowa ta wuce, a daidai inda fitilar take ƙiftawa. Ashe miksar tun farko gaskiya take faɗa mini, ni ne na tsaya a rabin zance.

Lambar da take aikowa ba sunan launi ba ce. Bayit ne guda, mai gurbi takwas, kowane gurbi amsar tambaya ɗaya ce, i ko a'a. Gurbin farko, mai darajar 1, yana amsa ko kyamarar tana layin fita. Na biyu, mai darajar 2, yana amsa ko tana layin jira. Tambayoyin ba sa korar juna. In duka biyun i ne, sai a tara, a sami 3. Masu kod suna kiran kowane irin wannan gurbi tuta, don ana iya ɗaga ɗaya, ana iya ɗaga biyu tare, ana iya sauke duka. Darajarsu kuma ninkawa take, 1, 2, 4, 8, har 128, kuma da dalili. Da wannan jeri kowace jimla hanya ɗaya ce tak take haɗuwa: 5 ba ta fitowa sai daga 1 da 4, 6 sai daga 2 da 4. Wanda ya yi ganganci ya ba tuta ta uku lamba 3 ya haɗa wa kansa rigima, don ba zai ƙara bambance ta da haɗuwar ta farko da ta biyu ba. Dabarar tsohuwa ce. Duk wanda ya taɓa rubuta 755 a kan fayil a Linux ya yi amfani da ita ko bai sani ba: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, sai a tara. Yaren C# yana da alamar Flags don wannan, Python ya shigo da nasa a 2016. Tsarin NDI, wanda ake tura bidiyo da shi ta hanyar sadarwa, bai ma tsaya tarawa ba: amsa biyu yake aikowa daban-daban, ɗaya ta fita, ɗaya ta jira.

Abin da ya fi ba ni haushi, amsar tana zaune a babban tebur a bikin nan. Uwar ango ƙanwar uban amarya ce. Da an sa ni a ƙofa da irin kod ɗin da na rubuta, in tambaye ta, "Hajiya, dangin ango ko dangin amarya?" ta ce duka biyun, sai in duba takardata in ga ba ni da wannan gurbi, in ce mata ta koma gida ba a gayyace ta ba. Haka na yi wa kyamarar Malam.

Maganin shi ne ka daina tambayar ko lambar daidai take da kaza, ka koma tambayar ko tuta kaza tana cikinta. A yaren C da Arduino yake bi, alamar & ce take wannan aiki: tana tace lambar ta bar gurbin da ka nema kaɗai. Na sa wa lambar suna hali, na rubuta hali & 1 == 1 don ja, na rubuta hali & 2 == 2 don kore, na miƙe na yi miƙa irin ta wanda ya gama da duniya. Na kunna. Na sa kyamara a layin jira, fitila ta ƙi ko motsi. Na sa ta a layin fita, robar man shafawa ta yi ruwan ɗorawa, launin da ban taɓa rubutawa ba a ko'ina.

Sai da aka kira assalatu na gano. A yaren C, alamar == tana riga & aiki. Kwamfuta tana fara duba ko 2 daidai take da 2, ta ce ƙwarai, ta rubuta 1, sannan ta tace hali da wannan 1 ɗin. Wato layukan nawa biyu tambaya ɗaya suke yi, ta layin fita. Ja da kore suna kamawa tare, kuma hasken ja in ya gauraya da na kore ruwan ɗorawa yake bayarwa. Layin farko ma sa'a ce kawai ta sa ya yi daidai. Na ɗan sami sanyi da na karanta cewa Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiri yaren, ya rubuta a 1993 cewa da sun gyara wannan jeri tun da wuri da ya fi. Na ce to, ashe ramin tsoho ne, ba ni na fara faɗawa ba. Baka biyu na sa a kowane layi, a fara tacewa kafin a gwada, magana ta ƙare.

Yanzu fitila ta koma faɗin gaskiya tsantsa: 1 ja, 2 kore, 3 ruwan ɗorawa. Har na gano cewa tsarin TSL na Ingila, wanda manyan tashoshi suke tura tali da sunayen kyamarori da shi zuwa allunan ɗakin sarrafawa, haka ya jera launukansa a sababbin fitowarsa: 0 a kashe, 1 ja, 2 kore, 3 ruwan ɗorawa, gurbi biyu ga kowace fitila. Girman kaina, wanda kaza ta kayar, ya miƙe ya karkaɗe riga. Na ɗauki roba na tafi wurin Malam da lacca a baki. Na yi masa bayanin gurbi da tuta da ninki, na ambaci Ingila sau da yawa. Ya saurara yana goge gilashin kyamara.

Da na gama ya ce, "In ta yi ruwan ɗorawar, ana ganina ko ba a ganina?"

"Ana ganinka, Malam, kuma kai ne na gaba."

"To ina ruwana da na gaba in ana ganina yanzu? Ƙanena, ni ido ɗaya yana cikin kyamara, ɗaya yana kan yaran da suke bi ta ƙarƙashin ƙafarta. Da wutsiyar ido nake ganin fitilarka. Ba ni da lokacin lissafi. In ana ganina ka ba ni ja, ko da tuta goma ka ɗaga a cikin robarka."

Na buɗe baki in kawo Ingila, na ga ba ta da wurin zama. Wanda yake ɗakin sarrafawa, da alluna a gabansa da kujera a ƙarƙashinsa, yana iya amfana da launi na uku, kuma kowace tasha ita take yanke abin da launin yake nufi a wurinta. Mai kyamara a tsakiyar biki tambaya ɗaya gare shi. A nan na fahimci cewa abu biyu na cakuɗa tun farko. Halin da kyamara take ciki daban, launin da za a nuna wa mutum daban. Hali yana haɗuwa, don haka a ajiye shi a tutoci, kada a zubar da ko ɗaya. Launi kuwa hukunci ne, ɗaya ake yankewa, kuma sai an jera wa ya fi wa. Na koma na raba kod ɗin gida biyu. Ɓangare ɗaya yana karɓar tutoci yadda suka zo. Ɗayan yana dubawa daga sama: in tutar fita tana ciki, ja, ba ƙarin bayani, in babu ita amma akwai ta jira, kore, in babu ko ɗaya, hutu.

Malam bai gama da ni ba. Ya ce, "Ranar nan da ta mutu, ta yaya zan san hutu ta ba ni, ba ita ce ta mutu da gaske ba?" Wannan tambaya ta fi ta farko ciwo, don ƙaryar da na yi wa Kawu a mota tana iya zama gaskiya wata rana. Allon ESP32 a zangon 2.4 yake kama Wi-Fi, inda wayoyin jama'a suke cunkoso, kuma batir ba ya sallama kafin ya ƙare. Fitila a kashe tana iya nufin ba a ganinka, tana iya nufin ba ta san komai ba. Sifili ba tuta ba ce, rashin tutoci ne, kuma ba a gina amana a kan shiru. Sai na ƙara tutoci biyu nawa na kaina: 4 in allon ya daina jin miksa na 'yan daƙiƙu, 8 in batir ya yi ƙasa. In 4 ta tashi, fitila ta riƙa walƙiya da shuɗi, mai kyamara ya ɗauka ana ganinsa har sai an ce masa a'a. Lokacin hutu kuma ta bar ɗan farin haske kaɗan, alamar tana da rai. Ta 8 ba ta taɓa launi, sai dai ta ɗan ƙifta jefi-jefi.

Tuta huɗu hali goma sha shida suke bayarwa. Na zana su a takarda, daga 0 zuwa 15, na rubuta launin kowanne a gefe, na bi su ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana danna miksa, Malam yana zaune yana faɗin abin da ya gani. Da muka kai ƙarshe Kawu ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce, "Da can da tutocin suke biyu, hali nawa ne?" Na ce huɗu. Ya ce, "Ka gwada nawa?" Na ce uku. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai ajiye ta saboda ranar da zan zo neman ƙarin kuɗi.

Tun daga nan fitilun ba su sake ba da kunya ba, sai dai Malam ya ɗauki sabuwar al'ada: kafin ya gyara fokas sai ya leƙa ya ga inda nake zaune, in ya same ni ya ɗaga mini hannu. A wurin biki kuma masu rabon abinci sun san ni. Wasu suna tsallake ni, wasu suna ajiye mini faranti da leda a gefe, ba tare da sun ce komai ba.

Da za a kai wa masu biki kwafinsu, Kawu ya ce zai yanke wurin. Uwar ango ta aiko cewa in aka taɓa shi ba za ta karɓa ba, domin a duk hidimar nan wurin ne kaɗai dangin ango da na amarya suka yi dariya tare. Haka aka bar shi, har kwafin ya zagayo gidanmu a wayar wata maƙwabciya. Umma ba ta zuwa dina, kuma duk gidan an haɗa baki ba a faɗa mata ba. Ta sa tabarau, ta kalli kokawar tun daga farko ba ta ce uffan ba. Ta kalli waige-waigen, ta kalli ledar. Da aka zo inda bakina yake motsi kafin in tura ta aljihu, ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Nan kamar sunana ka ambata."

Na ce, "E, Umma, cewa na yi taki ce."

Ta ce, "To tana ina?"